Gaisuwar Malam Birki a Kan Lodin Albasa

Malam Haliru ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye bakin siton da nake aiki a Apapa ta Legas da kofin shayi a hannu. Na Allah muke kuma wurinsa za mu koma, na sani. Amma wallahi ban shirya jin wannan ba.

Malama Rifkatu ce ta kira ni, wadda ke koyar da kemistiri a sakandaren da na yi a Aliero. 'Yar Zuru ce, kuma shekaru da yawa ofishinsu ɗaya da shi. Ta ce jiya bayan magariba ya cika a asibiti a Jega, hawan jini. 'Yan'uwansa suka wuce da shi garinsu Maiyama, aka yi masa sutura tun da sassafe.

Ina cikin juyayi sai ta ƙara wata magana, wai don ta sanyaya mini rai.

"Faruku, kada ka ce ba a san darajarsa ba. 'Yan tasha ba su samu jana'iza ba, amma gobe da safe duk za su je gaisuwa. Motar Arzika direba za ta kwashe su, tunda Maiyama kan hanyarta take. Har da yayanka Sahabi."

Na ce, "Malama, wace motar Arzikan? Babbar?"

"Ita."

"Da kaya ko ba kaya?"

"An gama lodin albasa tun jiya, har an ja tamfol."

Ta faɗi haka sai na ji lokacin da maganar ta isa kunnenta ita ma.

"Wayyo Allah," ta ce.

Wanda bai san Malam ba ba zai gane abin da ya tayar mini da hankali ba. Mutumin nan rabin rayuwarsa ya ƙarar yana sauko da mutane daga saman lodin albasa. Shi ne za a je yi wa gaisuwar mutuwa gobe a saman lodin albasa. Kuma ba don raini ba. Don ƙauna za su yi. Wannan ne ma ya fi ci mini rai.

Na kira Yaya Sahabi, bai ɗauka ba. Na sake kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na nemi izini wurin aiki na dawo ɗaki, na kasa zama. Na fita na dawo. Na ɗora ruwan zafi na manta da shi. Shi ne na ce bari in rubuta a shafin sada zumunta, ko wani da ke kusa da tashar Aliero zai gani.

Bari in gaya muku waye Malam Haliru.

Fiziks ya koya mana. Ranar da ya fara shigo mana aji bai zo da littafi ba. Farantin silba ya zo da shi, irin na masu tallar gyaɗa, da albasa ƙwaya ɗaya a kai. Dogo ne, siriri, fuskar nan a murtuke kamar an aiko masa da mugun saƙo.

Bai gaishe mu ba. Ya riƙe farantin a gabansa ya fara tafiya daga bakin ƙofa, da sauri, da sauri, sai ya ci birki a tsakiyar aji.

Albasar ta gangara ta faɗi ta bi ƙarƙashin benci.

Muka kwashe da dariya. Shi ko gezau.

"Wa yat tura ta?"

Wani ya ce iska. Wani ya ce Malam ne. Wani shaƙiyyi daga baya ya ce aljanu.

"Ba wanda yat tura ta," in ji shi. "Tahiya takai, ba wanda yat tsaishe ta. Ni nit tsaya. Faranti ya tsaya don yana hannuna. Ita fa, wa ar riƙe da ita?"

Daga nan ya juya ga allo ya rubuta dokar motsi ta farko. Abin da ke tsaye yana nan tsaye sai wani ƙarfi ya motsa shi. Abin da ke tafiya yana nan kan tafiyarsa, miƙe, sai wani ƙarfi ya tsayar da shi ko ya karkata shi.

Sai ya ce, "Duk wanda ubansa ko wansa ke hawa saman lodi, shi ɗaga hannu."

Kusan rabin ajin muka ɗaga. Ni ɗan Danwarai ne, gidanmu albasa muke ci muke sha.

"To ku koma gida ku hwaɗa musu: birki na mota na, ba nasu ba."

Wannan maganar ita ta bi shi har kabari. Da ita aka sa masa suna Malam Birki, kuma ba don yabo aka sa ba.

Makarantarmu ba ta da kayan gwaji na kirki. Akwai wani ɗaki da ake kira lab, amma jemagu sun fi mu sanin cikinsa. Malam bai taɓa tsayawa kuka a kan haka ba. Ranar da za mu yi doka ta biyu baro ya aro wurin mai gadi. Ya sa Nafi'u, ƙaton ajinmu, ya tura shi ba komai a ciki, ya ruga da shi, ya ce tsaya. Ya tsaya cak. Ya sa muka cika baron da bulo, ya ce a sake. Nafi'u ya sha wuya kafin baron ya ɗauki gudu, da aka ce tsaya kuwa sai da baron ya ja shi har cikin shukar firinsifal.

"Ƙarhin Nafi'u bai canza ba," in ji Malam. "Kaya sunka ƙaru. Abu mai nauyi yana da wuyar tashi, yana da wuyar tsayawa. Ku rubuta."

Doka ta uku kuwa bango ya sa muka mara. Kowa ya zo ya mari bango iya ƙarfinsa. Masu son burge 'yan mata suka zage. Da muka koma muna hura tafin hannu ya ce, "Bango bai da hannu, amma ya rama, daidai wa daida. Haka titi shike. Yadda kad doke shi haka za shi doke ka, babu ragi."

Amma darasin da ban taɓa mantawa ba shi ne na gidan ɗori.

Kun san Aliero da masu ɗori. Daga ko'ina ana kawo musu karaya. Wata Asabar Malam ya jera mu muka tafi ɗaya daga cikin gidajen, bayan ya nemi izinin maigidan. Ya ce kada wanda ya yi dariya, kada wanda ya toshe hanci. Ku gaishe da mara lafiya, ku yi masa sannu, sannan ku tambaye shi abu ɗaya: yaya aka yi?

Muka bi rumfa rumfa. Wani daga babur. Wani daga bishiya. Sai muka fara jin labari iri ɗaya yana maimaita kansa. Ina saman kaya, jaki ya gitta, direba ya taka birki, sai na gan ni a gaban mota. Ina saman kaya, muka sha kwana, mota ta yi dama ni na wuce miƙe. Wani dattijo da aka ɗaure wa cinya da karare ya rantse mana cewa wani abu ne ya hankaɗo shi ta baya, ya ji hannun a gadon bayansa.

Malam ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ba a tura ka ba. Sakinka anka yi."

A hanyar komawa ya bayyana mana sauran. Abin da kawai ke riƙe da mutum a saman lodi shi ne gogayyar da ke tsakanin rigarsa da tamfol, kuma tamfol santsi gare shi. Igiyar da aka ja, buhu ta ɗaure, ba mutum ba. Kuma duk yadda lodi ya yi tsawo, haka mota ke saurin kifewa a kwana, haka kuma nisan da mutum zai yi kafin ya iso ƙasa.

A makarantar nan ba wanda ya ci abincin rana da daɗi ranar.

Yanzu bari in faɗi abin da masu rubuta yabo tun safe ba za su faɗa ba.

Malam Haliru mutum ne mai wuyar zama. Bai iya lallashi ba. Bai iya zaɓar wurin faɗar magana ba. Yakan tsaya a tasha gaban jama'a ya daka wa sa'an ubansa tsawa ya sauko, mutum ya sauko da kunya ko ya ƙi saukowa don kunya. Akwai waɗanda da ya ja su gefe da sun ji, amma ya kunyata su suka kafe. Maki kuwa, kamar daga jikinsa ake yanka. Ni da nake ganin na fi kowa a aji, bai taɓa ce mini madalla ba.

Kuma akwai abin da dokokinsa uku ba su lissafa ba. Yaya Sahabi ne ya gaya masa, ina tsaye.

Lokacin kakar albasa ne, tasha ta cika, warin nan ya cika ko'ina. Yaya ya gama lodi ya haye sama ya gyara zama da butarsa da 'yar jakarsa. Malam ya iso da farantinsa.

"Sahabi, sauko."

"Malam Birki, an iso? A ba shi wuri shi yi muna wasan albasa."

'Yan lodi suka sa dariya.

"Na ce ka sauko."

"Malam, kai albashi kaka ci. Ni in ban bi kayana ba, kahin a kai Legas an sauke min buhuna hanya a ce sun ruɓe. Gaban mota mutum biyu shika ɗauka, kuma an riga ni. Ina kaka so in zauna, cikin taya?"

"In ka hwaɗo fa?"

"In nik karye ai gida na. Ga masu ɗori nan bayanka."

Aka sake fashewa da dariya. Wannan amsar kusan kowa a tashar nan ya taɓa ba shi ita. Mu ne garin ɗori, don haka karaya ba ta ba mu tsoro yadda ya kamata.

Malam ya ce, "Wuya ba a ɗora shi, Sahabi."

Arzika direba ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, bar ɓata bakinka. Birkina sabo na, shekaranjiya anka sa shi."

"Birkin ya san ka ƙara buhu bisa na jiya? Ƙarhinai guda na, kai ko kullum ƙara mai kaya kakai. Kuma ko ya kama, motarka za shi kamawa. Wanga da ab bisa, wa za shi kama shi?"

Motar ta tashi da Yaya a sama. Allah ya tsare, ya je ya dawo. Ya yi ta zuwa yana dawowa, kuma kowace dawowa hujja ce a wurinsa.

Zan yi wa Yaya adalci: gaskiya ya faɗa. Ba don jin daɗin iska mutanenmu ke hawa saman kaya ba. Zan kuma yi wa Malam adalci: ya ji maganar. Bai nuna ya ji ba, don ba halinsa ba ne, amma ya tafi da ita gida.

Bayan 'yan makonni ya dawo tasha da wata dabara. Ya ce tunda ba za ku fasa bin kayanku ba, to kada a cika bodi har gaba. A bar gurbi daidai bayan kan mota, a cikin bodi. A gicciya katako a ɗaure buhunan baya tamau don kada su zamo. Masu kaya su shiga gurbin su zauna ƙasa, su juya baya su jingina da ƙarfen gaba. In an taka birki, ƙarfen da ke bayanka shi zai tsayar da kai tare da motar. In an sha kwana, bodin zai tare ka.

"Ku zama cikin mota," in ji shi, "ku bar zama bisa mota."

'Yan tasha suka sa wa gurbin suna ɗakin Malam. Da ba'a aka fara, sunan ya zauna.

Matsalar ɗakin Malam ɗaya ce: wurin buhuna yake ci. Sai wani ya yarda nasa kayan su kwana a ƙasa su jira wata motar. Don haka in Malam yana tasha, a yi ɗaki ana gunaguni. In ba ya nan, a cika har sama a haye. Shi ya sa kullum yake can. Bayan an tashi makaranta, ranar hutu, da azumi, da zafin nan na bazara da ke narka kwalta. Ba wanda ya sa shi. Ba wanda ya taɓa ba shi ko ruwan leda don haka.

Na ga wasu manya tun safe suna ta rubuta "mun yi babban rashi", har da hoton da suka ɗauka da shi ranar da ya yi ritaya. Ina gaishe ku. Ni dai ban taɓa ganin ɗayanku a tashar nan tsaye kusa da shi ba. Wasunku ma ina jin ku da kunnena kuna cewa boko ya taɓa masa kai. Ban hana ku juyayi ba, mutuwa ta kowa ce. Amma ku yi shi a hankali.

Na sake kiran Yaya yanzu. Har yanzu shiru.

Alherinsa ma a murtuke yake yin sa.

Shekarar da Baba ya kwanta ciwo daidai lokacin dashe, na yi kwanaki ban je makaranta ba. Ina cikin fadama ni kaɗai da Yaya sai ga Malam a kan tsohon babur ɗinsa, bayansa 'yan ajinmu a ƙafa. Bai tambayi jikin Baba ba sai daga baya. Ya ce yau darasin ƙarfi da nauyi za a yi, kowa ya ɗauki kwando. Kafin la'asar an dashe mana gonar. Da Inna ta aiko da fura ya ce shi ba ya sha, ya zo aiki ne. Ya sha rabin ƙwaryar.

Da na gama jami'a na dawo na koyar tare da shi na ɗan lokaci. Albashi ya zo yau, gobe ya ɓace. Sau da yawa nakan shigo ofis in tarar da ƙullin ƙosai a kan teburina. In na ɗago, yana can yana duba takardu kamar bai san da ni ba. Na taɓa yi masa godiya sau ɗaya. Ya ce, "Wane ƙosai?"

Na gaji na bar aikin. Ban ɓoye ba kuma ba na jin kunya. Ina da mata da 'ya'ya, kuma allo ba ya cika tukunya. Na zo Legas da digirin fiziks, yau shekaru ke nan motar ɗaga kaya nake tuƙawa a sito. Malam bai ce mini kada in tafi ba. Bai kuma yi mini sallama ba. Na je gidansa ranar da zan taso aka ce yana tasha. Na je tasha, ya gan ni, ya ci gaba da yi wa wani faɗa.

Abin ya daɗe yana mini ciwo. Har yau bai gama warkewa ba, in gaya muku gaskiya.

Ganina da shi na ƙarshe Babbar Sallar bara ce.

Na same shi a tasha. Ya yi ritaya, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya doguwar tsayuwa. Wani mai shayi ya ba shi benci a gindin dalbejiya, daidai inda ake lodi, a nan yake wuni. Farantin na gefensa, ya lotsa ta ko'ina.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona.

"Faruku. An ce kaya kaka ɗagawa can."

"E, Malam."

"In ka ɗauko, bisa kaka tahiya da su ko ƙasa?"

"Ƙasa-ƙasa, Malam. Sai na isa wurin ajiyewa nake ɗagawa."

"Birki fa?"

"A hankali."

"To ba ka yi asarar karatu ba."

Wannan ita ce madallar da na jira tun ina aji huɗu. Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Sai ya ɓata ta, don Malam ba ya barin magana mai daɗi ta tafi ita kaɗai.

"Sahabi ya hi ka taurin kai. Amma shi yana nan."

Na ce, "Malam, ya kamata ka huta haka nan. Jikinka ba ya so."

Ya kalli motar da ake wa lodi a gabanmu. An bar ɗakin, ana gicciya katako.

"Kana gani sun yi don ina zaune. Ran da ba ni nan za su cika ta su hau. Na sani. Abin da as saba tahiya ba shi tsayawa da kainai, ni nik koya muku."

Na ce Allah ya ƙara lafiya. Ya ce amin, ya ɗaga murya ya ce wa wani ɗan lodi igiyar nan ba ta ɗauru ba. Haka muka rabu.

Jiya ya tafi asibiti. Jiya aka cika motar Arzika har sama. Ko kwana ɗaya ba a ɗaga masa ba.

Na tsaya da rubutun nan na ɗan lokaci, don waya ta shigo. Yaya Sahabi ne. Zan rubuta yadda muka yi.

"Ɗan boko, mi an na? Ka cika min waya da kira kamar gobara."

"Yaya, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki." Muryarsa a dushe take. Ina jin hayaniya a bayansa, da ƙarar abu mai nauyi yana faɗuwa ƙasa.

"Yaya, maganar gobe ce. Don girman Allah..."

"Na san abin da za ka hwaɗi. Malama Rifkatu ma ta zo nan da kanta bisa kabu-kabu. Ta zo ta tsaya gaban mota, ta buɗe baki ta kasa magana, sai kuka. Mace mai girma, gaban 'yan lodi. Kowa ya rasa inda za shi sa idonai."

"To me kuka ce mata?"

"Ba mu ce komi ba. Ta iske na riga na kwance tamfol."

Kafin in ce wani abu ya ci gaba.

"Kada ka ɗauka don kai na, ko don ita. Da rana nih hau bisa in duba ɗauri. Ina can sai nij ji ina ta waige. Wallahi Faruku jira nikai a daka min tsawa. Na duba gindin dalbejiya. Benci na nan. Ba kowa bisanai."

Ya tsaya ya ja hanci, ya yi wa wani tsawa ya kama buhun da kyau.

"Na sauke na gaba duka. Nawa na, ba na kowa ba, su jira wata mota ko su ruɓe. Arzika na ta hwaɗa wai na ɓata mai lodi, amma shi da kainai yat tahi ɗauko katako."

"Alhamdu lillahi. Yaya, Allah ya..."

"Dakata, ban ƙare ba. Ɗakin ba shi ɗaukar kowa da kowa. Ni da tsohhi za mu shiga. Samarin nan ko sun ce su bisa za su hau, wai Maiyama nan ga nan ta, ba a kai ga zama ba an iso. Kuma ba mai hana su zuwa gaisuwar Malam. Na yi magana sun yi min dariya. Sun ce in sun karye ai gida na."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ka ji fa. Maganata sunka maido min. Ni ban iya tsawa irin tashi ba, Faruku. Kuma ba ni da iko da ɗiyan mutane."

Wayar ta yanke a nan.

To ga inda muke. Yayana zai zauna cikin mota gobe, karo na farko ba tare da an tsaya a kansa ba. Saura waɗanda za su haye sama.

Daga Aliero zuwa Jega, daga Jega zuwa Maiyama, na san ba nisa. Amma a gidan ɗorin nan ba mu ji wanda ya ce sai da ya yi nisa sannan ya faɗo ba. Jaki ɗaya ya isa. Akuya ɗaya ta isa. Kwanar titi ɗaya ta isa.

Ni ina nan inda ba zan iya komai ba sai danna waya. Ko yanzu na kama hanya, motar ta riga ni tashi.

Don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa zama a ajin Malam Haliru, ko ya mari bangon nan, ko ya ci ƙosan da ba a san wanda ya ajiye ba. In kana Jega, ko Aliero, ko Jiga Birni, ko Danwarai, kuma kana da mota, ko bas, ko a-kori-kura mai bodi, ko babur ma, ka kasance a tashar Aliero gobe bayan sallar asuba. Ba gudummawa nake nema ba. Wurin zama nake nema. Ka ɗauki mutum biyu, ka ɗauki ɗaya. Manyan da suka sa hotonsa tun safe, ga ranarku ta zo, motocinku suna da kujeru.

Wanda ba shi da abin hawa, bencin yana nan gindin dalbejiya. Ka je ka zauna a kai. In ka ga ƙafa ta taka tayar motar nan za ta yi sama, ka buɗe murya. Ba sai ka iya fiziks ba. Ka ce masa birki na mota ne, ba nasa ba. Za su yi maka dariya. Shi ma sun yi masa.

Ya Allah, ga bawanka Haliru ya zo gare ka. Ka san zafin ranar da ya sha a tashar nan, ka san waɗanda suke tafiya da ƙafafunsu yau ba su ma san ta dalilinsa ba ne. Ka gafarta masa kaifin harshensa, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi, ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ka ba iyalinsa da Malama Rifkatu da mu duka haƙurin rashinsa. Ka kai masu zuwa gaisuwarsa lafiya, ka maido su gidajensu da ƙashinsu cikakke.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da a zuci ne. Sannan ya tura wa na kusa da tasha.

Wanda ya isa can gobe ya kira ni ya gaya mini saman tamfol ɗin ba kowa. Sai na ji haka zan iya zama in yi kukan malamina.